Kafin ka ce ƙwaƙwalwar mota ta ƙone

Alamomi uku ne idan suka haɗu a mota ɗaya suke sa a yanke wa ƙwaƙwalwar inji, wato ECU, hukunci tun ba a saurare ta ba: sitata na juya injin amma bai kama ba, fitilar cek ba ta kawowa idan an murɗa makulli, sannan an jona kwamfuta ta ce ba ta samu amsa ba. Da waɗannan ukun aka jawo mini wata Corolla ta 2006, 'yar Amurka, mai injin 1ZZ-FE. Kafin ta iso an riga an aro wata ƙwaƙwalwar an gwada, ita ma shiru, sai aka ce wai lambarta ce ba ta dace ba, aka shiga lissafin kuɗin zuwa Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota a Kano.

Ban taɓa waya ba sai da na yi wa mai motar tambayoyi. Ya ce kwanakin baya takan mutu a kan hanya mai gargada, ya sake murɗa makulli ta tashi kamar ba komai. Na ce, “Alhaji, wane aiki aka yi mata na ƙarshe?” Ya ce salansa ce ta fashe aka yi mata walda, ba wani abu ba. Na riƙe wannan. Abin da ke zuwa yana ɗaukewa saboda girgiza, mafi yawan lokaci waya ce ko soket.

Na fara da batir, don duk awon da za a yi a kan mataccen batir ƙarya ne. Ya nuna volt 12.5 a hutu, da aka yi sitata bai sauka ƙasa da 10.4 ba. Cikakken batir 12.6 yake nunawa, kuma idan ya faɗi ƙasa da 9.6 lokacin sitata, ƙwaƙwalwa na iya ɗaukewa ta dawo, har ta rubuta lambobin matsala da babu su a zahiri.

Daga nan sai soket ɗin kwamfuta da ke ƙarƙashin sitiyari, mai rami 16. Rami na 16 wutar batir ce kai tsaye, na 4 da na 5 wayoyin bodi ne, wato hanyar da wuta ke komawa negetif ɗin batir ta jikin ƙarfen mota. Duk lafiya. Abin da ya fi muhimmanci, kwamfutar ta yi magana da na'urar birki da ta jakar iska, injin kaɗai ne ya ƙi amsawa. Ke nan hanyar magana a buɗe take, mai amsawar ce ba ta farka ba. A motocin da ke amfani da layin CAN, wato wayoyi biyu da na'urorin mota ke magana da juna ta kansu, wanda Amurka ta wajabta wa sababbin motoci daga 2008, akwai awo mai sauƙi a nan: a cire kan batir, a auna tsakanin rami na 6 da na 14. Om 60 shi ne lafiya (om shi ne ma'aunin yadda hanya ke tare wuta). Idan ka ga 120, waya ɗaya ta tsinke ko na'urar da ke ƙarshen layin ta fita. Idan ka ga kusan sifili, wayoyin biyu sun haɗe. Tsofaffin motoci da yawa kuwa ta rami na 7 suke magana.

Ƙwaƙwalwa ba ta farkawa sai abubuwa uku sun cika: wuta ta shigo, ta samu hanyar fita ta bodi, kuma volt 5 ɗin da take haɗawa a cikinta ya tsaya daram. A wannan Corollar tana bayan akwatin da ke gaban fasinja. Toyota na sa wa ƙafafun soket ɗinta suna a zanen wayoyi: BATT ita ce wutar dindindin, IGSW ta makulli, MREL ita ke ja rilen EFI (makunnin da ke buɗe wa inji babbar wuta), +B ita ce wutar da rilen ke turowa, E1 da 'yan'uwanta kuma na bodi ne. Ba na aiki da launin waya kawai ba tare da zanen ba, domin launi ɗaya kan maimaitu a soket ɗaya, kuma yakan canza daga shekara zuwa shekara.

A nan ne mita ke yaudarar mutane. Mitar dijital kusan ba ta jan wuta ko kaɗan, saboda haka waya mai silin tagulla goma sha wani abu da ta rube saura sili ɗaya za ta nuna maka volt 12 cif. Haka fis mai tsatsa a ƙafa, haka rile da bakinsa ya ƙone. Sai an ɗora mata kaya take fallasa. Na kashe makulli, na zare soket ɗin ƙwaƙwalwa, na ɗauko ƙwan fitila mai wat 21, wanda ke jan kusan amfiya biyu. Na sa shi tsakanin BATT da E1, ya haska sosai, mita kuma na nuna sama da volt 12 yana a kunne. Wajen gwada +B akwai abin lura: tunda an zare ƙwaƙwalwa, babu mai jan rilen, don haka sai ka cire shi ka haɗa ramukan da ke ɗaukar wuta da guntuwar waya mai fis. A rilen Toyota su ne 3 da 5, a irin na gama-gari 30 da 87. Nan ma ƙwan ya haska.

Wayar bodi ba na auna ta da om. Ina barin ƙwan a kunne ta kanta, in sa baƙar wayar mita a kan negetif ɗin batir, ja kuma a kan E1, in karanta volt nawa ke ɓacewa a hanya. Bai kamata ya wuce 0.1 ba. Na samu 0.04. Tsakanin jikin injin da negetif ɗin batir, ana cikin sitata, 0.2 zuwa 0.3 shi ne iyaka. Motocin da aka sauke wa inji ko giyabos, ko suka fito daga wajen fenti, nan suke yawan faɗuwa: an mance waya ɗaya tana reto a bayan inji, ko an ɗaure ta a kan fenti. Ƙwan nan kuma a wayar wuta da ta bodi kaɗai ake sa shi. Wanda ya ɗora shi a kan wayar sensa ƙwaƙwalwa na jone, shi da kansa zai iya ƙona abin da ya zo gyarawa.

Saura volt 5. Na mayar da soket, na buɗe makulli, na auna ƙafar VC, wadda ke kai wa sensoshi volt 5 ɗin, daga bayan soket ɗin totur da siririyar allura, ba tare da huda rigar waya ba. Ramin da aka huda yau shi ne ƙofar ruwa da damina, bayan wata shida tagullar ta koma kore. Abin da ake so tsakanin 4.5 da 5.5 ne. Na samu 0.2.

Wannan shi ne sirrin alamomin nan uku. A Toyota, volt 5 ɗin da ƙwaƙwalwa ke raba wa sensoshi daga tushe ɗaya yake da wanda ita kanta ke rayuwa da shi. Idan wata sensa ta haɗe a ciki, ko wayar ta taɓa bodi, sai ta janye shi ƙasa gaba ɗaya. Ƙwaƙwalwa ta suma, fitilar cek ba za ta kawo ba, babu tartsatsi a fulogi, nozil ba za su fesa mai ba. Kamar transfoma ce a unguwa: gida ɗaya ya yi shot, layi duka ya shiga duhu. Shi ya sa ƙwaƙwalwar aro ma ta yi shiru. Ko guda goma aka jera, haka za su yi.

Na shiga zare sensoshin da ke shan VC ɗaya bayan ɗaya, kowane karo ina kashe makulli in sake buɗewa, yaro na kallon dashbod. Da fitilar ta kawo bayan zare wata, to ita ce ɓarauniyar. Na zare ta totur, shiru. Na zare ta fedar mai, shiru. Akwai ta uku da mutane ke mancewa: motocin Amurka suna da gwangwanin da ke tara tururin fetur can baya kusa da tanki, kuma akwai sensar matsi a jikinsa da ita ma volt 5 ɗin take sha. Na shiga ƙasa na zare ta. Har yanzu 0.2.

Yanzu zargi ya rage tsakanin abu biyu, ƙwaƙwalwa ko waya, kuma awo ɗaya ke raba gardama. Na cire kan batir, na zare soket ɗin ƙwaƙwalwa, sensoshi duk a zare, na auna wayar VC zuwa bodi. Waya da ba ta jone da komai a ƙarshenta biyu bai kamata ta nuna alaƙa da bodi ba. Ƙa'idar ita ce sama da om dubu 10. Mita ta ce om 1.3. Ƙwaƙwalwa ta kuɓuta.

Ba a neman irin wannan da farke salatif daga farko zuwa ƙarshe. Rabawa ake yi. Na nemo soket ɗin tsakiya da ke haɗa wayoyin gaba da waɗanda suka nufi baya, na raba shi. Ɓangaren gaba ya nuna a buɗe, na baya ya riƙe 1.3 ɗinsa. Na bar mita a jone a kan ƙararrawa na koma ƙasan mota ina girgiza wayoyi taki ɗaya bayan ɗaya. Daidai inda sabuwar waldar take, ƙarar ta yanke ta dawo. Zafin walda ya narkar da maƙalin roba da ke riƙe da ɗaurin wayoyin, ɗaurin ya sauko ya kwanta a kan bututun salansa. Ta sama salatif ɗin lafiya lau yake. Da na juya shi sai ga rigar wayoyi biyu ta narke ta manne, tsawon ɗan yatsa, tagullar VC tsirara tana ƙyalli inda take gogar ƙarfe. Da farko sai an faɗa rami take taɓawa, daga baya ta kwanta ɗungurungum.

Na yanke duk inda zafi ya taɓa har da ƙarin santimita biyar kowane gefe, don rigar da ta sha zafi takan bushe ta tsage ko ba ta nuna ba. Na sa sabuwar waya mai kauri iri ɗaya, na liƙe da dalma kaɗan, na rufe da robar nan mai tsukewa da zafi, irin mai gam a ciki tunda ƙasan mota ne. Haɗin biyu ban sa su kafaɗa da kafaɗa ba, na gocar da su. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif ba gyara ba ne a layin sensa, inda rabin volt ke canza lissafin mai. Na ɗaga ɗaurin nesa da bututu na ɗaure. VC ta dawo 5.0, fitilar cek ta kawo, mota ta tashi da tsohuwar ƙwaƙwalwarta. Na goge lambobin da zare sensoshi ya jawo, na duba caji ya tsaya a 14.1, cikin iyakar 13.5 zuwa 14.7.

Ba ina cewa ƙwaƙwalwa ba ta mutuwa ba ne. A 2010 Toyota ta yi kiranyen Corolla da Matrix na 2005 zuwa 2008 sama da miliyan ɗaya saboda tsagewa a allon ƙwaƙwalwar injinsu, kuma irin waɗannan motocin sun cika titunanmu. Amma yawancin waɗanda na gani sun mutu da gaske, kashe su aka yi: an juya kan batir, an cire kan batir inji na aiki wai ana gwada caji, an yi waldar lantarki batir na jone, ko ruwan wanki da na damina ya bi waya ya gangara cikin soket. Idan aka buɗe murfi sau da yawa hanci ne ke fara faɗa, sannan ido ya ga baƙin tabo ko koren tsatsa.

Idan ɓangare ɗaya ne ya mutu, a ce nozil ɗaya ba ta samun umarni alhali wayarta lafiya, to kafin a sa wata ƙwaƙwalwar sai an auna abin da ke ƙarshen wayar. Nozil na irin wannan injin kusan om 12 zuwa 15 take nunawa. Wadda ta faɗo zuwa 2 ko 3 ta haɗe a ciki, ita ta ƙona ta farko, kuma za ta ƙona ta biyu cikin mintuna. Lambar P0606, da ke nuni ga cikin ƙwaƙwalwa, ita ma ba na amincewa da ita sai wuta da bodi da caji sun ci jarrabawar da na bayyana.

Wajen saye, lambar da ke kan takardar jikinta ake bi, wadda a Toyota kan fara da 89661, har zuwa harafin ƙarshe, domin ta mai giyar hannu daban take da ta otomatik. Kuma a motar da makullinta ke da cif, wato ɗan guntun lantarkin tsaro a ciki, ƙwaƙwalwar da aka ciro daga wata mota ba za ta tayar da injin ba sai an gabatar da ita ga na'urar tsaron motar. A Toyota da yawa ana yin haka da haɗa rami na 4 da na 13 a soket ɗin kwamfuta, a buɗe makulli ba tare da sitata ba, a bar shi minti 30. A kashe fitilu da fanka, a jona caja a batir tun kafin a fara, don idan wuta ta yi ƙasa a tsakiya sai an sake daga farko.