Ƙuguna ne ya biya kuɗin gaggawar da na yi a ɗaga ƙarfe

Ƙannena masu sha'awar ɗaga ƙarfe, ina ɗan shekara 19 na fara, a wani kango da ke bayan layinmu. Kayan aikinmu bututun ƙarfe ne da aka dasa wa siminti a bokitin fenti gefe da gefe. Ba wanda ya san nauyinsa, sau da yawa ma gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya. Ni dai burina kafin babbar sallah hannun riga ya matse mini damtse.

A sati na shida na ga wani yayanmu ya ɗago mafi nauyi a wurin daga ƙasa, na ce ni ma sai na yi. Na ranƙwafa, bayana ya yi doro, ƙarfen yana nesa da ƙaurina, na fizga. Nan take na ji kamar an soka mini allura a ƙugu. Sati uku a zaune nake sallah. Wata huɗu ban taɓa ƙarfe ba. Da na dawo, abokin da muka fara rana ɗaya, wanda yake ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, ya yi mini nisa. Sauri ya haifi nawa.

Ga abin da ya yaudare ni. A makonnin farko ƙarfi yana zuwa da sauri, amma yawancinsa ƙwaƙwalwa ce take koyon sarrafa tsokar da kake da ita, ba sabuwa ta fito ba. Jijiyoyin da suka ɗaure tsoka da ƙashi kuwa sun fi tsoka jinkirin yin ƙwari. Sai ka ji kamar ka isa, alhali gaɓoɓinka ba su shirya ba.

Da na koma, sai na daina yinin lanƙwasa damtse, na riƙe abu huɗu: tsugunno da ƙarfe a kafaɗa, ɗagowa daga ƙasa, turawa ina kwance a benci, da turawa sama da kai ina tsaye. Kwana uku a sati, da hutun kwana ɗaya a tsakani, don a hutu tsoka take ginuwa. Kowanne sau 5, in huta minti uku, in sake, har zagaye uku. Idan na kammala ba tare da jikina ya karkace ba, zuwa na gaba in ƙara kilo 2 da rabi, ba ƙari. A gidan motsa jiki sandar kanta kilo 20 ce, kada ka ji kunyar farawa da ita ita kaɗai. In na siminti ne da kai, kai shi sikelin 'yan gwangwan a auna maka, ka rubuta nauyin a jikinsa. Ka kuma sami ɗan littafi kana rubuta abin da ka ɗaga kullum.

Wajen ɗagowa daga ƙasa, don Allah ka natsu. Ƙarfe ya kusa taɓa ƙaurinka, bayanka a miƙe, ka cika ciki da iska ka ɗaure, sannan ka tura ƙasa da ƙafafunka. Ba fizga.

Na kuma yi shekara ina ɗaga ƙarfe da garin kwaki da hirar dare. Mai nauyin kilo 60 yana buƙatar wajen giram 95 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a rana, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kawai. Sai ka haɗa da wake, awara, kifi, nono da ƙuliƙuli, ka yi barcin awa bakwai zuwa sama.

Za a zo maka da allura ko ƙwaya a ce tana kumbura jiki cikin wata ɗaya. Kada ka karɓa. Irin waɗannan magunguna suna lahanta hanta da zuciya, suna rage ƙwayoyin haihuwa, har nono suke fito wa namiji. Tramadol kuma danne ciwo take yi, sai ka ci gaba da ɗagawa a kan rauni ba ka sani ba. Tsamin jiki na kwana biyu ba komai, amma ciwon da ya soke ka a gaɓa, ko ya sauka daga ƙugu zuwa ƙafa, ajiye ƙarfen ka je asibiti. Ni shafe-shafe na tsaya yi a gida, har yau in hunturu ya kama ƙugun nan yana tashi.