Baƙin hunturu a tabkin Tabalak: me suke ci?

A sanyin bara, cikin watan Janairu, na bi wasu masu ƙidayar tsuntsayen ruwa daga Tawa zuwa Tabalak. Tafiyar ba ta da nisa, wajen kilomita 50 ce kan hanyar Abalak. Ƙidayar ta duniya ce, tun 1967 ake yin ta a tsakiyar Janairu, kuma tabkin na cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don kare tabkuna da fadamu, ta amince da su tun 2005. Ni dai ɗan rakiya ne, rubutu aka ba ni. Da aikinsu ya ƙare suka juya, ni kuwa na ƙara kwana uku saboda wasu fararen tsuntsaye da suka tsaya mini a rai.

Da Faransanci muwet ake ce musu. Sun ɗan fi tantabara girma, baki ja, ƙafa ja, da ɗan ɗigon baƙi bayan ido. A Turai suke ƙyanƙyasa, can ne kansu yake rinewa ya yi duhu lokacin ƙwai. Mu da fari muke ganinsu, don sanyi ne ya koro su. Ba su da yawa kamar kirinjijiya ko balbela. Waɗanda na gani ba su kai ashirin ba.

Kwanan farko a wurin saukar masunta na zauna, inda mata ke fiɗar tarwaɗa da karfasa kafin banda. Na ga biyu sun sauko sun wawuri hanji, nan take na rubuta cewa da sharar masunta suke rayuwa. Har burodi na sayo na yayyaga musu, shirwa da ƴan yara suka raba.

Wani tsohon masunci yana gyaran koma yana kallona. Ya ce, "Yaro, kai da ka zo da hantsi, ina za ka ga kalacinsu?"

Na ce, "To Baba, yaushe ke nan?"

Ya ce in same shi bayan sallar asuba.

Ya tuƙa ni can ƙarshen tabkin, inda ruwa ke janyewa yana barin laka. Zurfin wurin bai wuce idon sawu ba. Ga su nan tsaye cikin ruwan. Wata tana tattaka laka da sauri kamar mai kwaɓa ƙasar gini, sai ta sunkuya ta tsinci abin da ya taso. Tsohon ya sa hannu ya ɗebo lakar ya buɗe mini: tana, jajayen tsutsotsin ƙwari, ƙananan dodon-koɗi. A cikin kududdufan da suka yanke daga uwar ruwa kuma ƴaƴan karfasa ne suka maƙale, ba hanyar komawa. Muwet ba ta nutso kamar agwagwa, abin da ke saman ruwa ko wanda bakinta ke iya kaiwa shi take ci. Shi ya sa tsakiyar tabki, duk kifinsa, bai dame ta ba.

Da rana ta ɗaga, garken shanu suka gangaro shan ruwa. Na ɗauka tsuntsayen za su watse. Ina! Bin sawu suka yi tare da balbela, suna cafke fara da ƙwarin da kofato ke tayarwa. Kashin shanun ma taki ne ga ruwan, shi ke ciyar da ƙananan halittun da kifi da tsutsa ke ci. Na daɗe ina jin ana zagin dabbobi da ɓata tabki, ranar na rage baki.

Abin da ya fi damun tsohon shi ne bakin gaɓar. Lambunan albasa na ta matsowa, injunan ban-ruwa na zuƙa, rairayi kuma na cike tabkin a hankali. Wanda ya fesa maganin ƙwari a lambu ya wanke tulun feshin a bakin ruwa, lakar nan ya fara kashewa.

Da muka dawo na ciro littafina na soke layin hanjin kifi. Tsohon ya leƙa, ya ce, "Kada ka soke duka, Malam. Suna ci mana, in sun samu a banza."