Yadda Ƙwayar HIV Ke Shammatar Garkuwar Jiki a Makonnin Farko

Mutane da yawa sun ɗauka cewa da zarar ƙwayar HIV ta shiga jini, garkuwar jiki ba ta taɓuka komai. Ba haka abin yake ba, domin jiki yana yaƙi mai tsanani, sai dai kafin ya gama shiri ƙwayar ta riga ta yi masa illa.

Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai rukunin da ake kira T, kuma iri biyu ne suka shafi wannan batu: CD4 masu tsara yaƙi da ba da umarni, da CD8 masu kashe duk ƙwayar halittar da cuta ta shiga. HIV tana kama CD4 ɗin ne da kansu, ta hanyar maƙalewa a kan furotin na CD4 da wani mai suna CCR5. Da yake masu ɗauke da CCR5 sun fi taruwa a bangon hanji, cikin 'yan makonni ake rasa mafi yawansu a can, alhali mutum bai ji komai ba sai zazzaɓi, ciwon maƙogwaro ko kaluluwa, wani ma ko hakan ba ya ji. Abin takaici shi ne, CD4 ɗin da suka gane HIV suka nufo ta, su ne suka fi saurin kamuwa.

Bayan mako biyu zuwa uku CD8 suke yunƙurowa, kuma aikinsu yana bayyana, domin yawan ƙwayar, wanda kan kai miliyoyi a mililita ɗaya na jini, yana faɗuwa ƙasa sosai. Suna gane ƙwayar halittar da ta kamu ne saboda kusan kowace irin ƙwayar halitta tana baje gutsattsarin furotin da ke cikinta a bayanta, bisa wasu maɗaukai da ake kira HLA. A nan ne HIV take yin dabarar da ta fi ba ni mamaki. Furotin ɗinta mai suna Nef yana janye HLA-A da HLA-B zuwa ciki don kada CD8 su ga alama, amma yana barin HLA-C da HLA-E a waje, saboda akwai wasu dakarun, NK, waɗanda ke hallaka duk ƙwayar halittar da suka tarar babu HLA a jikinta sam. Ta ɓoye abin da zai tona ta, ta bar abin da zai kare ta.

Sai kuma sauya kama. Sinadarin da ke kwafe bayanan gadon HIV, masu haruffa kusan 10,000, ba ya gyara kuskurensa, ga shi kuma ana samar da biliyoyin sababbin ƙwayoyi a kullum. Saboda haka duk gutsuren da CD8 suka haddace, ba a daɗewa sai a sami wadda ta canza shi, ta tsira, zuriyarta ta mamaye jini. Sai dai wannan canji ba kyauta ba ne. Masu gadon HLA-B57 sukan kai hari kan sassan furotin ɗin HIV mai suna Gag waɗanda ƙwayar ba ta iya canzawa ba tare da ta raunana ba, shi ya sa da yawansu ke daɗewa cutar ba ta ci ƙarfinsu ba.

Mafi muni a ganina shi ne laɓewa. Cikin kwanakin farko ƙwayar takan dasa bayananta a cikin DNA na wasu CD4 masu tsawon rai, ta yi lamo ba ta fitar da furotin ko ɗaya, don haka babu abin da CD8 za su gani. A 1997 masana suka tabbatar cewa wannan maɓoya tana nan ko a jikin masu shan magani, kuma ita ce dalilin da cutar ke dawowa idan an daina sha. Saurin kafuwarta ne ya sa ake son wanda ke zargin ya haɗu da ƙwayar ya fara shan maganin kariya cikin sa'o'i 72.