Kalmomin da ke ɓoye amsa a tambayar fiziks

Bayan an tashi daga ajin bita, wata ɗaliba 'yar aji ɗaya ta tsaya da takarda a hannu, ta ce, "Malam, tambayar nan ba ta cika ba. Ba a ba mu adadin gogayya ba." Tambayar a kan wani katako ce mai kilogiram 2 da aka saki a kan gangare mai karkatar digiri 30, ana neman ƙaruwar gudunsa. Na karɓa na duba, sai ga kalmar "smooth" zaune a layin farko. Ita ta ɗauke ta da ma'anarta ta yau da kullum, wato ana kwatanta gangaren ne cewa yana da santsi. A wurin masu fiziks kuwa umarni ne: ka ɗauka babu gogayya ko kaɗan. Da na gaya mata, ko minti biyu ba a yi ba ta fitar da 4.9, har ta lura da kanta cewa kilogiram 2 ɗin bai shiga lissafin ba.

Yarinyar tana jin harsuna uku, kuma a lissafi ta fi yawancin 'yan ajin. Abin ya tsaya mini a rai. Maki nawa na rage wa irinta a baya, ina zaton fiziks ɗin ne bai zauna musu ba?

Na kwaso takardun gwajin da ya wuce, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina neman inda kowa ya fara kauce hanya. Sau da yawa tun kafin a rubuta fomula ko ɗaya ne. Igiyar da aka kira "light" tana nufin a yi watsi da nauyinta, amma wani ya tambaye ni me ya haɗa igiya da haske. Akwai tambayar ƙwallon da aka saki daga tsayin mita 20, ana neman gudunta daf da ta taɓa ƙasa. Da dama sun rubuta sifili, don a ganinsu abin da ya kai ƙasa ya tsaya. 'Yan kalmomin nan masu nufin "daf da" su ne tambayar gaba ɗayanta, kuma amsar wajen mita 19.8 ce a sakan.

Abin da ke ruɗar malami shi ne ɗaliban nan suna hira da Turanci tiryan-tiryan. Jim Cummins, masanin ilimin harshe a Kanada, ya bambance tun 1979 tsakanin harshen hira da harshen karatu: na farko yakan samu cikin shekara biyu ko makamancin haka, na biyun yakan ci shekara biyar zuwa bakwai. Fiziks kuma ya ƙara wani hawa a kai, domin yakan ari kalmar da kowa ya sani ya ɗora mata ma'ana ta daban.

Matakina na farko bai yi tasiri ba. Na buga jerin kalmomi da ma'anoninsu na raba, aka ninke aka sa a jaka. Na kuma gwada sauƙaƙa tambayoyin, ina rubuta "babu gogayya" ƙarara. Makin gwaji ya tashi, na ji daɗi, amma littattafan da za su karanta da jarrabawar da ke gabansu ba su san da sauƙaƙawata ba. Da tsohuwar kalmar ta dawo, kuskuren ma ya dawo.

Abin da ya yi aiki shi ne hana taɓa kalkuleta a minti biyar na farko. Kowa ya zana abin da jimlar ta ce, ya sa kibiya a kan kowane ƙarfi, ya faɗi wane ne ke turawa ko ja da kuma wanda ake ja. Ba na karɓar "akwai ƙarfi zuwa ƙasa". Sai an ce duniya tana jan katako. Daga nan ya juya ga na kusa da shi ya ba shi labarin tambayar da duk harshen da ya fi zama masa a baki. Sai a ƙarshe a rubuta jimla biyu da harshen jarrabawa: me aka ba mu a fili, me aka ba mu a ɓoye.

A wannan hirar ce na fi ƙaruwa. Mu masu Hausa "nauyi" guda muke da shi, alhali fiziks yana son biyu, ɗaya ana auna shi da kilogiram, ɗayan kuma da niyuton, wato ma'aunin ƙarfi. "Ƙarfi" kuma yana ɗaukar abubuwa uku ko huɗu da dole a raba su. Wani ɗalibi da ya yi sakandare da Larabci ya nuna wa rukuninsa cewa shi an koya masa su a rarrabe, ƙuwwa ("force") daban, ɗaƙa ("energy") daban, ƙudra ("power") daban, sai ya zama shi ke warware wa sauran. Wata da ta yi karatu da Faransanci kuwa tana rubuta 9,8 da waƙafi, kamar yadda ake yi a can, ni kuma na daɗe ina ja mata jan biro ban tambayi dalili ba.

Zanen ya ƙara bayyana wani abu da Michelene Chi da abokan aikinta suka ruwaito a 1981: sabon ɗalibi yana kasa tambayoyi bisa abin da ido ke gani, wannan ta gangare ce waccan ta igiya, gwani kuwa bisa ƙa'idar da za ta warware su. Wanda harshe ke ba wuya ya fi faɗawa wannan rami, domin sunayen abubuwa ne kaɗai yake tsinta a jimlar, ƙananan kalmomin da ke nuna ƙa'idar suna wuce shi.

Tsarin yana cin lokaci, wannan gaskiya ce. Inda dā nake yin tambaya shida a zama ɗaya, yanzu uku ne ko huɗu, kuma na yarda da wannan ciniki. A makon da muka shiga babin "aiki", wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mutum ya rungumi akwati ya yi tafiyar mita ɗari a shimfiɗaɗɗen fili, gumi na zuba, a ce aikinsa sifili ne?" Ɗalibar nan ta gangare ce ta tashi zuwa allo. Ta zana kibiyar ƙarfin da ke riƙe da akwatin tana kallon sama, ta tafiyar kuma tana bin hanya, ta nuna digiri 90 da ke tsakaninsu, ta yi masa bayani da harshensu, sannan ta maimaita da Turanci don sauran aji su ji.