Yadda na koyi cefane a Alƙahira

Jaka huɗu muka sauka da su a filin jirgin Alƙahira a watan Satumban 2023, biyu daga ciki babu ko ƙyalle ɗaya. Hajiyata ce ta ɗaure su da hannunta a Zariya: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, garin ɗanwake, surfaffen gero, ƙullin kanwa, har da muciya da tandar waina. Da maigidana ya fara ƙorafin nauyin kaya, ba ta dubi inda yake ba, ni ta duba. "Ki faɗa wa Malam," in ji ta, "ba a kaɗa miya da littafi."

Karatun digiri na biyu ya kawo shi Azhar, ni da yarinyarmu muka biyo shi. Muka kama ɗaki da falo a Hayyul Ashir, can gefen Madinat Nasr, unguwar da in ka tsaya bakin titi minti biyar za ka ji Hausa da Somaliyanci da Larabcin Sudan, ga ɗaliban Indonesiya da Malesiya suna wucewa a jere. Mun zo a mummunan lokaci. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu ya turo jama'a da yawa, kuɗin haya ya tashi. A watan da muka sauka hauhawar farashi a Masar ta kai kashi 38 cikin ɗari, albasa ta yi tsadar da gwamnati ta hana fitar da ita waje, kafin ƙarshen shekara kuma sukari ya zama abin bin layi. Abin da muke dogaro da shi kuwa naira ce da yayan maigidana yake turowa, ita ma a wannan shekarar take zubewa. Kuɗin da aka turo ran Litinin, in ka bari sai Alhamis ka canja, ka yi asarar cefanen kwana guda.

Na yi lissafin kayan Hajiya za su kai mu wata shida. A wata na uku na fara ganin gindin robar kuka.

Wautar da na yi a farkon nan ita ce dagewa sai na girka abin da na saba da irin kayan da na saba. Akwai mata 'yan gida da ke sayar da manja da garin rogo da busasshen kifi a gidajensu, na riƙa zuwa ina ƙarar da kuɗin mako a kan abin kwana biyu. Ban ga laifinsu ba, kayan da ya hau jirgi dole ya biya kujerarsa. Shinkafa ma doguwa nake nema, wadda ake shigo da ita daga waje, don ranar da na fara dafa ta Masar na sha kunya. Gajera ce, ƙulu-ƙulu, mai danƙo. Na wanke, na zuba ruwa yadda nake yi wa tamu, na ce dafa-duka zan yi wa abokan Malam da suka zo yi mana sannu da zuwa. Da na buɗe tukunya sai ga abu ya caɓe, ba shi a shinkafa ba shi a fate. Suka ci suna yabawa, irin yabon da ake yi wa amarya.

Wadda ta cece ni wata dattijuwa ce da ke ƙofa da ƙofa da mu, muna kiranta Hagga, don Misrawa ba sa cewa "ja", "ga" suke cewa. Larabcin Islamiyya na zo da shi, in na yi mata magana sai ta yi dariya ta ce kamar mai karanta labarai a talabijin. Ita ta nuna mini cewa ana fara soya 'yar siririyar taliyar nan da suke kira sha'ariyya a mai har ta yi ja, a zuba shinkafar a juya, sannan a sa ruwa kaɗan, kusan kofi da kofi, a rage wuta a rufe. Sai ta fito warwar. Amma a daren nan ina kwance wani tunanin daban ya zo mini: shinkafar da ke caɓewa da kanta ai shinkafar tuwo ce. Washegari na sake cika mata ruwa, da gangan wannan karon, na sa muciya. Tuƙi uku ta haɗe, sulɓi kamar an kirɓa. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Tun daga ranar ita ce tuwonmu, ita ce wainarmu, da ita nake kunun gyaɗa.

Daga nan idona ya buɗe. Na fara bin Hagga kasuwa, ina kallon kaya da idon girki maimakon in tsaya tambayar suna. Ganyen da na ga mata suna tsinka a bakin ƙofa, suna sara da wata wuƙa mai kama da jinjirin wata, na ɗauka na murza na shinshina: lalo ne. Lalon da a gida ake raina shi, a ce miyar ƙauye, shi ne mulukhiyya, miyar da Bamisre ke yi wa baƙon da yake ji da shi. Har tarihi gare ta, don halifan Faɗimiyya Alhakim ya taɓa hana cin ta, shekara dubu da suka wuce. Suna kaɗa ta a romon kaza ko na zomo, su soya tafarnuwa da kuzbara su juye a kai, mai girkin kuma ta ja numfashi da ƙarfi kamar wadda aka tsorata, wai sai da haka take daɗi. Ranar da Hagga ta fara yi a gabana na zabura, na zaci mai ne ya fallatsar mata. Ni dai tawa da 'yar kanwa da daddawa nake yi, amma na ari soyayyar tafarnuwar nan, kuma gaskiya ta fi tamu ƙamshi.

Haka sauran suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Bamiya kuɓewa ce. Karkade zoɓo ne, tamar hindi tsamiya, ful sudani gyaɗa, lubiya wakenmu na gida. Dom ɗin da suke jiƙawa su sha, goruba ce, wadda muke gwaguya a hanyar makaranta. A shagunan Sudanawa na samu weka, wato garin busasshiyar kuɓewa, da gero, da niƙaƙƙiyar gyaɗa da suke kira dakwa, sunan da ya sa na tsaya ina kallon mai shagon. A bakin shagon kuma ana gasa agashe, tsiren da Hausawan Sudan suka koya wa ƙasar har sunan ya zauna da Hausarsa. Da sanyi ya shigo aka fara kawo kabewa da sabanik, ganye mai kama da alayyafo, sai na haɗa taushe da dakwar nan, na matsa lemon tsami a madadin yakuwa. Malam ya ci ya yi shiru, can ya ce, "Wannan daga cikin kayan Hajiya ne?" Na ce masa daga ƙasan benenmu ne.

Wake ne ya fi ba ni aiki. Lubiya ba ta da araha a nan, abincin talakan Masar ful ne, wani babban wake mai faɗi da ake barin sa a wuta kwana guda, a ci da safe da mai da kamun da lemon tsami. Na jima ban karɓe shi ba. Abin da ya sasanta mu shi ne ɓararren ful, wanda an riga an cire masa ƙowa, da shi suke ta'amiyya, ƙosansu mai kore a ciki. Duk macen da ta taɓa tashi da asuba surfa wake tana tsince dusa za ta gane farin cikina. Jiƙawa kawai, a niƙa da albasa da barkono, a buga, ga ƙosai. A sa mai a ɗaure, ga alale. Ɗanɗanon bai kai na wakenmu ba, yana da ɗan ƙarni na kansa, amma citta kaɗan tana kashe shi. Hagga ta ja mini kunne kan abu guda: kada in ba yarinya ful sai an duba jininta, don akwai ciwon gado da suke kira anemiyar ful, wanda ke sa jinin yaro ya farfashe idan ya ci. Muka je aka duba, lafiya lau.

Nama kuwa tun wata na biyu muka yi sallama da shi, sai dai na ɓauna daskararre da ake shigowa da shi daga Indiya, shi ma jefi-jefi. Wurin mai kaji na koma. A nan ana yanka kaza a gabanka, masu hali su sayi tsokar ƙirji, a bar ƙashin baya da wuya da fiffike, abin da suke kira hayakil, a sayar da arha. Kilo ɗaya yana ba ni romon miya uku, in kuma tsince naman jikin in zuba a dafa-duka. Akwai hanta da ƙundu, akwai ƙafa. A ƙarshen 2022, kafin mu zo, hukumar kula da abinci mai gina jiki ta ƙasar ta shawarci mutane su riƙa cin ƙafar kaza, Misrawa suka fusata, suka ɗauke shi cin mutunci. Har yanzu in na ce a auna mini, mai kajin yana yi mini kallon tausayi, ni kuwa farfesu nake hangowa.

Babbar garaɓasar ita ce tarwaɗa. Masar ce kan gaba a Afirka wajen kiwon kifi, karfasa ce ta cika kasuwa, suna kiranta bulɗi. Tarwaɗa kuwa, armuɗ, da yawansu ƙyamarta suke, wai ƙazanta take ci, saboda haka kuɗinta yana ƙasa da na sauran. Ranar da na gan ta tana motsi a baho na tambayi farashi sau biyu, don ban yarda da kunnena ba. Ina zuba mata ruwan zafi in kankare yauƙin, in wanke da lemon tsami da gishiri. Rabi farfesu, rabi in nannaɗe in sa a tanderun girki da wuta ƙasa-ƙasa har ta bushe. Ba ta kai banda ba, babu hayaƙin itace, amma a miyar kuka ba mai tambaya.

Sauran dabarun na lokaci ne da haƙuri. Masu tallar tumatir a nan kirarinsu shi ne "magnuna ya uɗa", wato mahaukaciya, saboda farashinsa ba ya zama wuri ɗaya. In ya faɗi, da yamma nake zuwa lokacin da mai kaya ke son tashi, in kwashi wanda ya yi laushi, in niƙa in tafasa har ruwan ya ƙone, in ƙulla a leda in sa a firji. An yi ta ɗauke wuta awa biyu zuwa uku a zafin 2024, maƙwabta suna ta salati, mu kuwa da muka san kwana uku babu wuta ko a jikinmu. Wake kullum a jiƙe yake kwana don tukunyar gas ta daɗe. Shinkafa da mai da taliya kuma Malam da abokansa huɗu suke karo-karo su sayo a sari su raba. Burodi ne kaɗai ba mu da dabararsa. Mai rahusa na 'yan ƙasa ne masu katin tallafi, wanda a watan Yunin 2024 aka ɗaga daga ƙirshi 5 zuwa 20 (ƙirshi shi ne kwabonsu) bayan fiye da shekara talatin bai motsa ba. Mu baƙi na kasuwa muke saya, ga shi kullum sai ƙanƙancewa yake. Aish suke kiransa, wato rayuwa, kuma in ka ga yadda ake dakon sa a kai a kan keke da sassafe ka san ba wasa suke ba.

Azumin 2024 ya kama kwana biyar bayan an karya darajar kuɗinsu, dala ta tashi daga gine 31 zuwa wajen 50 a rana ɗaya. Gwauraye cikin ɗalibai suka koma teburan buɗa-baki da masu hali ke shimfiɗawa a titi, mawa'idur Rahman, inda ba a tambayar kowa daga ina yake. Mu a gida muka sha ruwa kusan kullum, da kunun tsamiya da ƙosan ful da zoɓo, kuma ba a yi daren da ba mu da baƙo biyu ko uku ba. Wani yaro ɗan Maraɗi ya sa loma ɗaya ta tuwo da miyar lalo, sai ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba. Ba wanda ya ce masa komai, Malam dai ya tura masa kwanon.

Abin da na rasa madadinsa uku ne: daddawa, kuka, da barkono mai zafin gaske, don shaɗɗarsu sai ka zuba cokali kafin ka ji. Daddawar ma ta so ta haɗa ni da Hagga. Ran da na fara daka ta, ta ƙwanƙwasa ƙofa hannu a hanci, tana tambaya ko wani abu ya mutu a ɗakin girkina. Na haɗiye. Da bikinsu na Shammun Nasim ya zo, ta kawo mini fasik, kifin da ake barin sa ya ruɓe a gishiri, tana ta zuba masa kirari. Na buɗe, na rufe, na dube ta na ce, "Ya Hagga, wannan fa wa ya rasu?" Ta yi dariya har da riƙe bango. Yanzu kwano yana yawo tsakaninmu, don a al'adarsu ba a mayar da shi wayam: ta aiko da mahshi, kayan lambun da ake cusa wa shinkafa, in mayar da waina. Yajin ƙuli kuwa ta gano shi, a kan ful take barbaɗawa, abin da ban taɓa tunani ba.

Makon jiya Hajiya ta kira, wai akwai mai tahowa, in faɗi abin da za a ɗauro. Na ce daddawa da kuka da barkono.

"Shi ke nan? Kuɓewa fa? Gero fa?"

"Akwai su a nan, Hajiya."

Ta yi jim. "To lalle. Kanwa ma akwai?"

Na ce ta ƙaro ƙulli ɗaya, da yajin ƙuli roba biyu, ɗaya ta maƙwabciya.