Mutumin da ya rufe ido ɗaya

Kwana uku ke nan ina ta komawa kan hoton nan a waya, in buɗa shi da yatsu in ƙura masa ido, wato zanen Ranar Shari'a da Mikelanjelo ya yi a bangon cocin Sistine da ke Vatican. Ya soma shi a 1536 ya gama a 1541, lokacin ya haura shekara sittin. Bango ne guda cur, mutum sama da 300 a jikinsa, wasu na fitowa daga kabari, wasu ana jan su sama, wasu ana tunkuɗa su ƙasa, amma duk cunkoson nan ni mutum ɗaya ne ya tsaya min a rai.

Yana ta hannun dama, ƙasa da tsakiya kaɗan. Ƙato ne fa, jiki a murɗe, amma ya takure wuri guda, ya sa tafin hannu ya rufe rabin fuskarsa, ido ɗaya a buɗe. Shaiɗanu sun rirriƙe shi suna ja, wani abu mai kama da maciji ya kafa masa haƙori a cinya, shi ko ko motsi bai yi ba. Na kusa da shi kokawa suke da mala'iku, suna neman hawa sama ko ta halin ƙaƙa, shi kam ya saki, ya riga ya gane. Wallahi wannan ne ya kashe min jiki. Ya rufe ido don ba zai iya kallo ba, ɗayan kuma ya ƙi rufuwa don ba yadda za a yi ya ƙi gani, wutar ma ba ta taɓa shi ba tukuna amma nadama ta gama cinye shi.

Dab da shi mala'iku na busa ƙaho, biyu na riƙe da littafi, na masu tsira ɗan ƙarami, na hallakakku kuwa ƙato. Ko Maryamu da aka saba zana ta tana roƙa wa mutane gafara, a nan ta raɓe a jikin Yesu ta kawar da kai, lokacin roƙo ya wuce.

Kuma ba daga sama wannan firgicin ya faɗo ba. A 1527 sojoji sun afka wa birnin Rum, inda Vatican take, suka kashe suka wawashe, Fafaroma Clement na 7 sai da ya gudu ya ɓuya a ganuwar Sant'Angelo, kuma shi ne daga baya ya ba da aikin zanen. Mutanen da suka fara ganin bangon nan sun san ƙarar kuka a titi.

Abin da ya sa na yarda mai zanen da gaske yake, Bartalamawas ne, almajirin Yesu da aka ce an feɗe shi da ransa. Wuƙa a hannu ɗaya, fatarsa a ɗayan tana reto kamar tsohuwar riga, kuma masana da yawa sun tafi a kan cewa fuskar da ke jikin fatar ta Mikelanjelo ce da kansa. Bai sa kansa cikin tsarkaka yana murmushi ba. Ka ɗora yatsa daga Yesu ka gangaro zuwa mai ido ɗayan nan, a kan fatar za ka bi, tana lilo a tsakani, ba ta hau ba, ba ta faɗi ba.