Yadda Na Haɗa Python da libvips a Shagon Hoton Yayana

Yayana yana da shagon ɗaukar hoto a nan Garwa, kuma da zarar an shiga lokacin bukukuwan aure bayan sallah, sai hotuna su taru masa da ɗaruruwa, masu biki kuma kowa yana son a tura masa nasa ta waya. Yaron shago ne yakan zauna yana rage musu nauyi ɗaya bayan ɗaya, tun hantsi har la'asar. Na ce masa, "Yaya, ka bar mini wannan aiki, kwamfuta za ta yi da kanta." Ya dube ni ya ce, "To, malamin zamani, mu gani a ƙasa."

Na zaɓi libvips, manhajar sarrafa hotuna, saboda kwamfutar shagon tsohuwa ce. Wannan manhaja, wadda aka rubuta da harshen C, ta samo asali ne a Landan tun 1989, a wani aikin ɗaukar hotunan zane-zanen gidan tarihi, kuma ba ta ɗora hoto gaba ɗaya a ƙwaƙwalwar na'ura, sai dai ta riƙa sarrafa shi kashi-kashi. Ni kuwa da harshen kwamfuta na Python nake rubutu, don haka dole a sami tafinta a tsakaninsu, shi ne pyvips.

A nan na yi tuntuɓe. Debian 12, tsarin Linux da ke kan kwamfutar, ta ƙi yarda pip, mai sauke manhajojin Python, ya taɓa tsarinta sai da na buɗe keɓaɓɓen wuri da venv, wannan bai ɗauki lokaci ba. Bayan haka pyvips ya sauka lafiya lau, na ɗauka an gama, amma da na kira shi sai ya ce bai ga libvips.so.42 ba, wato fayil ɗin libvips ɗin kansa. Na kusa awa guda ina zargin Python, alhali laifina ne: na kawo tafinta, amma wanda za a yi wa tafintar bai iso ba, domin pyvips shi kaɗai ba ya sarrafa ko hoto ɗaya. Sai da na sauke libvips-dev, kunshin libvips da fayilolin gini, ta apt, mai sauke manhajojin Debian, wanda ya jawo tarkace masu yawa ya cinye mini data, kafin saƙon ya ɓace.

Akwai kuma abin da ban sani ba sai daga baya. Ashe pyvips yana da hanyoyi biyu na magana da libvips ta cffi, abin da ke haɗa Python da harshen C. Idan a lokacin saukarwa ya tarar da kayan gina manhaja, wato gcc, pkg-config, python3-dev da fayilolin libvips-dev, yakan gina ƙaramar gada ta kansa, wato yanayin API, wanda ya fi sauri. Idan bai same su ba, sai ya koma yanayin ABI, wanda ba ya buƙatar gina gada, shiru, ba tare da ya tsayar da mutum ba. Da yake na sauke shi kafin sauran, nawa a ABI ya zauna, kuma pyvips.API_mode ne ya tona asirin. Na cire shi, na sake saukewa da --no-cache-dir domin kada pip ya maido mini da tsohon da ya ajiye.

Rubutun kansa bai kai layi goma ba: umarnin Image.thumbnail ya rage faɗin kowane hoto zuwa ɗigo (pixel) 1600, ya kuma miƙar da waɗanda aka ɗauka a kaikaice. Kafin yaron shago ya dawo daga sayo ƙanƙara, hotunan bikin ranar Asabar sun kammala. Yaya ya buɗe na amarya, ya ƙura masa ido yana neman inda lallen hannunta ya dushe, sannan ya tambaye ni ko za a iya buga sunan shagon a ƙasan kowanne.